Ina so in ajiye aikin kwamfuta a Duwala in koma Garwa in riƙe kyamara, ku ba ni shawara

ɗan_Hausare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika min ciki ne. Dan Allah a yi haƙuri da tsawon maganar.

Ni ɗan Garwa ne, shekarata 29, a jami'ar Ngaundere na karanci kwamfuta, ina gamawa na gangara Duwala. Yanzu shekara uku da wata huɗu kenan ina aiki a wani ƙaramin kamfanin fasaha, irin masu tasowan nan da ke rayuwa da kuɗin masu zuba jari. Mu tara ne duka duka, muna gina manhajar da 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi da ita ta waya. Ni ne na uku da aka ɗauka, lokacin ko kujeru ba su ishe mu ba. Albashi alhamdulillahi, sefa dubu 450 in an biya a kan lokaci, a ciki nake tura dubu 120 gida duk wata, kuɗin makarantar ƙannena mata biyu da maganin hawan jinin Inna.

To amma wallahi zuciyata ta fita daga aikin. Ba wai ban iya ba ne. Kullum abu ɗaya, ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara wai kuɗin wani ya maƙale, ka tashi ka buɗe kwamfuta kana laluben inda dubu 15 ɗin wata mai sayar da kifi ta shige, gari ya waye ka hau moto ka ratsa cunkoson Ndokoti ka isa biro a ce maka masu jari suna son a ƙara sabon abu kafin ƙarshen wata, wanda aka ƙara wancan watan ma ba a gama gyara shi ba. Bara sau biyu albashi ya yi jinkiri, ɗaya har kwana 40, patron, wato mai kamfanin, ya tara mu ya ce kuɗin da ake jira daga waje bai shigo ba a ƙara haƙuri. Auren ƙanwata babba a waya na kalle shi saboda a satin muke fitar da sabon aiki. Har yau Inna ba ta ce min komai a kai ba, kuma shirun nata ya fi min ciwo a kan ta yi faɗa.

Shekara biyu da suka wuce na sayi kyamara ta hannu a Akwa, Canon 6D da objektif (gilashin gaban kyamara) ɗaya tal, ɗan 50mm ɗin nan mai araha. Da farko ranar Lahadi kawai nake fita da ita cikin New Bell wajen 'yan uwanmu. Sallar layyan da ta wuce na je gida, da asuba bayan an idar da salla na sauka bakin Binuwai ta ƙasan gada inda masu ɗebo yashi suke. Wani dattijo yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, ya ɗago bokiti cike da yashi zai juye cikin kwale-kwale, rana ta ɓullo ta bayansa, ruwa na tsiyaya ta gwiwar hannunsa, na gaishe shi ya ɗaga kai sai na danna. Bayan kwana biyu na wanke hoton babba na kai masa. Sai da ya goge hannu a rigarsa kafin ya karɓa, ya riƙe da hannu bibbiyu ya daɗe yana kallo, ya ce tunda yake ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba sai na katin ɗan ƙasa. Ya ƙwala wa yaransa kira su zo su gani. Ni kuma shekara uku ina rubuta manhaja ban taɓa ganin fuskar mutum ɗaya da yake amfani da abin da na gina ba. Tun ranar hankalina bai dawo Duwala ba.

Abin da na tara miliyan 2 da dubu 300 ne. An kuma yi min alkawarin kaso ɗaya da rabi cikin ɗari na kamfanin in na cika shekara huɗu, saura wata takwas.

Tambayata, tsakani da Allah mutum zai iya riƙe gida da hoto a arewa? Kuma ya zan yi da Baba, mutumin da ya sayar da shanunsa biyu shekarar da zan shiga jami'a, yanzu in je in ce masa na ajiye aikin ofis na zama mai hoto? Masu sana'ar da waɗanda suka taɓa barin aiki, dan Allah ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Abu_Kuseri:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka yi. Ni digirin jami'a gare ni, lisansi, shekara biyar ina yawo da takardu yanzu moto nake ja tsakanin kasuwa da gadar Ngeli. Dubu 450 fa ka ce. Mutum nawa a unguwarku ke ɗaukar rabin wannan? Kowa yanzu da waya a hannu, yarinya 'yar shekara goma ma hoto take ɗauka, wa zai biya ka? Ka tuna da maganin Inna. Ka riƙe aikinka ka yi hoton ranar Lahadi kamar yadda ka saba, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Baba_Mai_Hoto_Marwa:

Salamu alaikum ɗana. Yarona ne ya karanto min maganarka, ni nake faɗa shi yake rubutawa don idona ya yi rauni a kan waya.

Na fara wannan sana'a tun lokacin fim, ina yaron shago, shekara biyu aikina shara da haɗa ruwan wanki a ɗakin duhu kafin maigidana ya yarda na taɓa kyamara. Da hoto na yi aure, da shi na gina inda nake zaune, da shi na sauke farali. Saboda haka in ka ce za a iya riƙe gida da shi, eh an riƙe. Amma bari in gaya maka abin da idona ya gani. A da hoton katin ɗan ƙasa shi ne tuwonmu, ranar kasuwa mutanen ƙauye layi suke yi a ƙofar shago. Ranar da hukuma ta fara ɗaukar hoton da kanta a komisariya, ofishin 'yan sanda, shaguna da yawa a garin nan rufewa suka yi, abokaina wasu suka koma gona wasu suka koma sayar da katin waya. Muna farfaɗowa sai wayar hannu ta zo ta kwashe hoton Sallah da na samari. Sau biyu ƙasa ta zame mana a ƙafa, kuma ban ce ba za ta sake ba.

Abin da ke kawo kuɗi yanzu biki ne, sai suna, saukar karatu, hoton ɗalibai ƙarshen shekara, da 'yan ƙananan hotuna 4x4 na masu haɗa takardun jarabawa da neman aiki. Kuma shi biki lokaci gare shi. Kafin azumi za ka rasa lokacin barci, bayan an girbe an sayar da auduga ma haka, amma cikin azumi da tsakiyar damina sai ka yi sati uku ba wanda ya ɗaga labulen shagonka. Wanda ya saba da albashi wannan ne ke karya shi, ba rashin iyawa ba. Kuɗin wata mai kyau ba naka ba ne, na watan da ba kowa ne.

Sai babbar magana, garinku za ka koma. A garinku kowa ɗan uwa ne. Ɗan bappanka zai yi aure, 'yar maƙwabta za ta tare, abokin Babanka zai aurar, duk za a ce a kira yaron nan ai namu ne. Za ka wuni tsaye tun ɗaurin aure har a kai amarya, ka biya kuɗin wanki da na album daga aljihunka, ka kai, a ce Allah ya yi albarka. Albarka muna so, amma ba ta sayen batir. Akwai wani gida da na yi wa biki kwana uku shekarun baya, manyan mutane masu hali, har yau cikon kuɗina yana wajensu, kuma muna haɗuwa a masallaci muna gaisawa, kunya ta hana ni tambaya. Tun daga nan na kafa doka, rabin kuɗi a hannu kafin in ɗauki jaka, cikon ranar da za a karɓi hoto, ko ɗan cikina ne. In ba za ka iya kallon idon babba ka faɗi kuɗinka cikin ladabi ba to ka zauna a Duwala.

Kayan aiki kuma. Ka zo daga bakin teku inda laima ke cin kyamara, nan ƙura ce. Lokacin hunturu kar ka kuskura ka cire objektif a waje, ƙurar za ta zauna a cikin idon kyamarar duk hoton da ka ɗauka ka ga ɗigo ɗigo a sararin sama. Ka shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakinta ƙasa sannan ka canza. Watan uku da na huɗu zafin Garwa ka san shi ya wuce 40, kar ka bar jaka a kan moto cikin rana. Kuma wannan ƙasan gada da ka je, Allah ya tsare ka ne. Gada, barikin soja, filin jirgi, shingen jandarma, duk ka kau da kyamararka, balle nan wajenmu da aka sha wahalar tsaro. In ka ga kaki ka fara gaisuwa ka nemi izini.

Zancen mahaifinka. Kar ka faɗa masa a waya, kuma kar ka bari ya ji a bakin wani. Ka hau jirgin ƙasa ka zo, ka fara samun ƙaninsa ko amininsa da yake jin maganarsa, ku shiga tare bayan isha'i. Kar ka je masa da zancen zuciyata tana so, mu tsofaffi ba ma jin wannan yaren. Ka je da lissafi, ga abin da na tara, ga yadda kuɗin yara da maganin Inna ba zai tsaya ba, ga ranar da in abin bai yi ba zan koma. In ya kawo maganar addini kar ka yi gardama da shi. Malamai sun saɓa a kai, akwai masu ƙyamar hoto in ba na larura ba, akwai masu cewa na kyamara kamar madubi ne ba sassaƙa ba ne. Ku je wajen malamin da shi ya yarda da shi. In ya ce a'a ka dakata, sana'ar da uba bai sa wa albarka ba ni ban ga inda ta kai kowa ba.

Dattijon nan mai yashi da ka kai wa hotonsa, ka kyauta. Da yawa suna ɗauka su tafi.

mai_kod_Yawunde:

Mutumina, ni aikinmu ɗaya da kai don haka bari in taɓa inda su Baba ba za su taɓa ba.

Wannan kaso ɗaya da rabi, a rubuce yake? Ina nufin takarda da sa hannu, wadda ta faɗi adadin, ta faɗi ranar da zai zama naka, ta faɗi abin da zai faru in ka tafi kafin nan. Don tsarin da aka kwaikwayo daga Amurka shi ne shekara huɗu, ba ka da komai sai ka cika shekara ɗaya, daga nan kason ya riƙa shigo maka kaɗan kaɗan. In haka naku yake to ka riga ka mallaki fiye da kashi uku cikin huɗu na abinka, wata takwas ɗin ba wani abu ba ne. In kuma da baki aka faɗa maka to ko shekara goma ka yi ba ka da komai, a dokar kamfanoni ta OHADA miƙa kaso sai da rubutu. Na ga wanda ya yi shekara biyar a kan alkawarin baki, ranar da masu jari suka shigo aka buɗe takardu babu sunansa ko a gefe. Kuma ko a rubuce yake, kason kamfanin da ke kwana 40 bai biya albashi ba takarda ce kawai sai ranar da wani ya saye shi, kuma mafi yawansu ba a sayensu, rufewa suke yi. Kar ka sa shi a lissafin cefane.

Yanzu lissafin. Dubu 120 na gida, kai kanka a Garwa ko a gidanku za ka zauna ka sa dubu 100, mai da intanet da ci da ɗan abin da ba a rasa ba. Dubu 220 kenan. Miliyan 2 da dubu 300 wata goma ne da 'yan kwanaki, in ba ka sayi ko zare ba. Alhali da 50mm ɗaya ba za ka yi biki ba, kana buƙatar objektif mai ɗaukar wuri da faɗi don ɗakunanmu ƙanana ne, ga filas, ga batura, ga diski na ajiya, ga abin da zai riƙe maka wuta in an ɗauke. Kafin ka farga rabin kuɗin ya tafi, wata goma ya koma biyar.

Shi ya sa ni shawarata kar ka ajiye, ka rage. Kai ne na uku a kamfanin, ka san inda kowace waya ta bi, maye gurbinka zai yi musu tsada. Ka samu patron ka ce za ka koma Garwa ka yi musu kwana uku a sati daga can a kan rabin albashi, ban da kiran dare. In ya ƙi akwai masu neman mai rubuta manhaja daga nesa. Abin lura dai layi biyu za ka riƙe, kuma ka san intanet a ƙasar nan ba abin jingina ba ne ɗari bisa ɗari, a 2017 da aka yanke shi wata uku a yankunan masu Turancin Ingilishi yaran Buya sai da suka riƙa tafiya wajen Duwala don su tura aiki. Ka kuma je CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, ka ga ko ana zuba maka kuɗinka da gaske, in ka fita akwai tsarin zubi na ganin dama, kar shekarunka su tafi a banza.

Abu na ƙarshe kuma kar ka ji haushina. Ka tabbata son hoto ne, ba gajiya ba? Mutumin da ya yi shekara uku ba barcin kirki komai ya gani a waje aljanna ne. Kuma kwamfutar da kake gudu tana jiranka a can, biki ɗaya hoto dubu da ɗari biyar, dare biyu ko uku kana gaban manhajar gyaran hoto ta Lightroom kana zaɓe kana gyaran fuska, amarya na turo saƙo kowace awa.

Adda_Njamena:

Ƙanina sannu. Ni na yi abin da kake son yi, shekara shida kenan, don haka zan ɗan saɓa da mai_kod duk da lissafinsa daidai ne.

Ni ma a wani ƙaramin kamfanin fasaha nake a nan Njamena, ina kula da shafukan intanet na abokan hulɗa. Na gwada wannan rabi da rabin na kusan shekara, wallahi ban ji daɗinsa ba. Biki Alhamis ake fara shi, ranar lalle kana can waya na ƙara a jaka, ba ka yi wa ofis daidai ba ba ka yi wa amarya daidai ba. A ganina rabi da rabi gada ce, ka sa mata ranar ƙarewa tun farko, wata shida ko takwas, in ba haka ba za ka tsufa a kanta. Kuma na fita ne a mummunan lokaci, lokacin da aka toshe mana Facebook da WhatsApp tun watan uku na 2018 har watan bakwai na 2019, sai da VPN ake shiga kuma kuɗin intanet ya ninka. Abin da ya cece ni album ne na takarda. Na wanke guda biyu masu kyau na ajiye ɗaya wajen mai lalle ɗaya wajen mai ɗinki, duk amaryar da ta zauna ana zana mata hannu awa uku ba abin da take yi sai kallon hotunana. Har gobe yawancin aikina daga bakin mata yake zuwa ba daga intanet ba.

Ga abin da ba wanda ya gaya maka. Kai namiji ne, kuma kuɗin biki a cikin gida yake. Ɗaurin aure minti nawa ne? Maza su taru a shafa fatiha a watse. Lalle, kamu, wankan amarya, buɗar kai, nan ake kashe kuɗi nan ake son hoto, kuma gidaje da yawa ba za su bar ka ka wuce zaure ba, gaskiyarsu ne. Ka ce kana da ƙanne mata biyu. In ɗaya tana da sha'awa kuma Baba ya yarda ka koya mata, kai waje ita ciki, ba mai ƙwace muku aiki a Garwa. Kuma amana, hoton matar mutane ba kai ba gyale ba ya hawa Facebook ko da ya fi kowane hoto kyau, sai ta ce ka sa. Sau ɗaya za ka yi kuskuren nan sunanka ya mutu a gari.

Kyamararka 6D ramin katin ajiye hoto ɗaya gare ta. Ina faɗa maka ne don ya taɓa cin ni. Shekarata ta farko kati ya lalace min bayan kamu, na dawo gida na sa a kwamfuta ta ce babu komai a ciki, na zauna a ƙasa ina kuka har asuba, washegari na je na durƙusa gaban uwar amarya na mayar da kuɗinsu, ta ce kuɗi ba shi ne ba 'yata, ranar fa? Ba ni da amsa. In za ka kashe kuɗi a kan abu ɗaya to ka nemi mai rami biyu. Kafin nan ƙananan katuna da yawa, kana canzawa, kuma kar ka kwanta sai hoto ya shiga wuri biyu.

Ƙungiyoyin agaji suna biya fiye da biki, a Marwa suna da yawa saboda sansanin Minawao da ambaliyar da ake yi wajen Yagwa da Kuseri. Amma ba sa ba wa mutum aiki haka kawai, sai kana da rajista da lambar haraji da faktir, wato takardar neman biya, kuma kuɗin sai bayan wata ɗaya ko biyu. Ka karanta kwantiragi da kyau don wasu hoton gaba ɗaya suke saye har ba ka da ikon nuna shi. Nan iliminka na ofis zai yi maka rana, yawancin masu hoto a nan ne suke faɗuwa.

Sai dai ka sani, hoton mai yashi da ya taɓa maka zuciya ba shi zai ciyar da kai ba, aƙalla ba yanzu ba. Samuel Fosso, haifaffen Kumba ne a can Kamaru, ya buɗe shagonsa a Bangi a 1975 yana ɗan shekara 13. Da rana hoton mutane yake ɗauka na kuɗi, in an tashi sai ya ƙarasa ragowar fim ɗin a kan kansa yana aika wa kakarsa a Najeriya. Sai a 1994 a taron masu hoto na farko a Bamako duniya ta ga waɗannan hotunan, kusan shekara ashirin yana yi ba wanda ya sani. Ni abin da ke ci min rai, duk shekara Turawa na zuwa Durbali kallon Gerewol, bikin Fulanin Bororo, su ɗauka su tafi da shi, mu da muke jin yaren mutanen muke cin tuwo da su ba mu da komai a ajiye. Masu jima na Marwa, masuntan Lagdo, hawan dawakin Sallah a ƙofar lamido, wa ke ajiye wa jikokinmu? Don haka ni ina so ka zo. Amma ka ware rana ɗaya a sati ta bakin kogi tun daga farko, in ba haka ba biki zai cinye ka, bayan shekara uku ka dawo nan ka rubuta mana irin wannan wasiƙar a kan hoto.

ɗan_Hausare:

Wallahi ban san da bakin da zan gode muku ba. Na karanta kowanne ya fi sau uku.

mai_kod, jiya na kwana ina binciken tsofaffin saƙonni. Babu takarda. Saƙo ɗaya ne na WhatsApp da patron ya turo min shekarar farko. Jikina ya yi sanyi amma gara da na sani yanzu. Ranar Litinin zan same shi da maganar biyu, a rubuta kason, da kuma zancen kwana uku daga Garwa. Tambayarka ta gajiya kuma na yi tunani a kanta, eh na gaji, ba zan ɓoye ba. Amma gyaran hoto na taɓa kai wa asuba a kansa ban ji komai ba, alhali awa ɗaya a kan kuɗin da ya maƙale ji nake kamar an ɗora min dutse.

Abu_Kuseri, maganarka ta fi kowacce tsaya min a rai saboda Inna. Na yanke cewa dubu 720, na gida na wata shida, zan ware su daban ba zan taɓa ba ko kyamara ta faɗa ruwa. Allah ya buɗa maka kai ma ɗan uwa.

Adda, ƙaramar ƙanwata ita ke ƙwace kyamarar duk zuwan da na yi, ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da kika faɗa. Amma jarabawar bak ta ƙarshen sakandare za ta rubuta bana, sai ta gama.

Baba, na kira Bappana na ce ina da magana in na zo, ya ce Allah ya kawo ni lafiya. Ƙarshen wata zan nemi hutun sati biyu. Ina da roƙo ɗaya in ba zan takura ba, in akwai biki a hannunku lokacin ku bar ni in zo Marwa in riƙe muku jaka, ba don kuɗi ba, ban taɓa yin biki tun daga farko har ƙarshe ba.

Baba_Mai_Hoto_Marwa:

Ka fara zuwa Garwa ka ga mahaifinka tukuna, in ya sake maka fuska sai ka hau mota ka ƙaraso. Akwai biki a Domayo satin farko na wata mai kamawa, Alhamis zuwa Asabar, yarona zai turo maka lamba ta akwatin saƙo. Ka zo da doguwar riga da hula, ba a shiga taron ɗaurin aure da wandon Duwala. Takalmi mai sauƙin cirewa don za ka cire shi ya fi sau ashirin. Ranar farko ba za ka ɗauki komai ba, filas za ka riƙe min kana kallon inda nake tsayawa da wanda nake fara gaisarwa. Ka taho da hoton mai yashin nan, ina so in gani a takarda.